Bukukuwan Kaka A Hambug: Ina Matsayinmu?

Da zarar Satumba ta kama, birnin Hambug na ƙasar Jamus kan cika da shagulgula. Akwai bikin kaɗe-kaɗe na Reeperbahn da aka fara a 2006, da na fina-finai wanda ake yi tun 1992. A ƙarshen watan ake Makon Cuɗanyar Al'adu da coci-coci suka assasa a 1975. Ranar 3 ga Oktoba kuwa, ranar haɗewar Jamus, masallatai kan buɗe ƙofa ga kowa tun 1997.

Hambug ce cibiyar 'yan Gana a Jamus, cikinsu har da mu 'ya'yan zango. Amma galibi 'yan kallo ne mu a tarukan nan. Suna da aure da shagalin Sallah, a zauren haya muke yin abinmu mu kaɗai.

Lamarin ba na wasa ba ne. A zaɓen 2025 jam'iyyar AfD mai ƙyamar baƙi ta samu kashi 20.8 cikin ɗari a faɗin ƙasar. Maƙwabcin da bai taɓa cin tuwonmu ba, abin da ya ji a talabijin zai ɗauka. Don haka muna roƙon iyayenmu shugabannin ƙungiyoyi su sahale wa matasa su nemi gurbi a waɗannan taruka tun da wuri.