Ajiya a Rumbun Wani

A watan Maris na 2021 gobara ta cinye wani rumbun kwamfutoci na kamfanin OVH a Strasbourg, ƙasar Faransa. Waɗansu 'yan kasuwa suka wayi gari babu bayanansu, domin har kwafin da suka dogara da shi yana wurin da wutar ta ci.

Saboda haka attajirin da zai damƙa lissafin kamfaninsa ga masu ajiya ta intanet, kada araha ta ruɗe shi. Ya bincika ko a gari dabam ake ajiye kwafi. Ya san kuɗin da zai riƙa biya da shi, gama waɗanda suka yi jinga da dala sun ji jiki da naira ta faɗi a 2023. Sa'an nan a rubuta masa yadda zai karɓi kayansa ranar rabuwa.