Wai Ita Komai da Kanta Take Yi

A wajen wata walimar saukar Alƙur'ani da aka yi a unguwarmu cikin makon nan, na ji mata suna kambama wata baiwar Allah mai ɗinki da haɗa turaren wuta, kuma abin da suka fi jinjina mata a kai shi ne wai ita komai da kanta take yi: ta ɗora tukunya tun kafin assalatu, ta shirya yara makaranta, ta hau keken ɗinki har la'asar sakaliya, ta yi ta amsa saƙonnin masu saye a WhatsApp har dare ya raba, ba 'yar aiki, ba ƙanwa, ba mai kama mata ko da wanke-wanke. Wadda ake yabon kuwa tana gefe, idanunta sun faɗa, tana gyangyaɗi a kan kwanon shinkafar da aka ajiye mata.

Wannan yabo ya ɓata mini rai ƙwarai, domin in aka auna shi da mizanin shari'a ko na al'ada, ba za a same shi da asali ba. Uwar Muminai Nana Khadija, Allah Ya ƙara mata yarda, wadda kowace 'yar kasuwa ke kafa hujja da ita a yau, ba ita ke kora raƙuma zuwa Sham ba. Amintattun maza take nema ta danƙa musu dukiyarta bisa wani kaso na riba, kuma ta wannan hanya ce ta ba Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hajarta, ta haɗa shi da yaronta Maisara. Haka nan Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da ta so ilimi ya isa ga matan karkara, ba ta ce sai ta taka kowane ƙauye da ƙafarta ba, jajojinta, wato malamai mata, ta karantar ta aika, su suka ɗauki 'Yan Taru, wato mata masu taruwa neman ilimi. Hatta Risala, wadda ɗalibanmu ke bita a zaure, ta ɗora wa miji mai wadata ya sama wa matarsa mai yi mata hidima. To daga ina muka samo wannan bidi'a ta ɗaukar neman taimako a matsayin gazawa?

Iyayenmu mata sun yi sana'a tun kafin a haifi masu koya mana ita a ɗakunan taro na otal. Wata Baturiya, Polly Hill, da ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta bayyana a 1969 yadda matan kulle ke tafiyar da kasuwa sukutum daga cikin ɗakunansu, ta hatsi da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da fura. Abin da ya ɗauke su kuwa shi ne babban gida: ranar da ba ke ce da girki ba kin sami sukunin suya, kaka na tsakar gida da jikoki, ƙanwar miji ta goya na goye, adashi ya kawo jari. Yanzu mun watse, kowa ya kama gidansa mai katanga da get a sabuwar unguwa, muka bar wa mace guda aikin da mata biyar ke rabawa, sa'an nan muka ƙara mata da kirari. Na san akwai masu cewa amana ta yi ƙaranci, ba kowa za a bar wa ɗa ba, kuma gaskiyarsu.

Sai dai ina da magana da maigida. Mutumin da ke cin tuwo da ribar matarsa, ta biya kuɗin makaranta ranar da albashi ya makara, amma ya ga kamar rawaninsa zai faɗi in ya riƙe jariri ta idar da salla, ya koma ya tambayi malaminsa abin da Nana A'isha ta faɗa game da hidimar Annabi ga iyalinsa a cikin gida. Wannan zalunci ne, ko da an yi masa ado da sunan al'ada.

Kada kuma wata ta karanta wannan ta aika ƙauye a kawo mata 'yar shekara tara, ta kwana a kicin, ta wuni da tiren talla a ka, 'ya'yan gida kuwa suna makaranta.  Ke 'yar'uwa mai sana'a, ki ɗauki babbar mace ki yanka mata lada ki biya ta a kan kari, ki koya wa 'yammatan maƙwabta ɗinki su rage miki aiki bayan sun taso daga makaranta, in surukarki ta ce kawo yaran su wuni, ki kai su ki yi mata godiya.