Ba A Koyon Rubuta Manhaja Cikin Mako Biyu



Wata Lahadi bayan an tashi daga sujada, wata uwa ta tsayar da ni a bakin ƙofar majami'a idanunta cike da hawaye. Ta ce, "Fasto, ɗanka ya karɓi kuɗin adashena ya kai wa masu koyar da kodin. Yau wata uku ke nan, ban ga dala ba, ban ga naira ba." Na kira yaron ofis. Ya nuna mini satifiket mai tambari da sa hannu. Na miƙa masa takarda da biro na ce ya rubuta mini matakan da kwamfuta za ta bi ta haɗa lambobi daga 1 zuwa 10. Ya daɗe yana kallon takardar, daga ƙarshe ya ce, "Baba, ba su koya mana wannan ba."

Ba yaron nake wa faɗa ba. Faɗana da masu liƙa takardun talla ne a jikin katangu daga Unguwar Gano zuwa Gyadi-Gyadi, da masu turo saƙo a WhatsApp cewa cikin mako biyu za ka zama gwanin manhaja ka fara karɓar dala. Wannan cuta ce, kuma 'ya'yanmu ake cuta. Abin da suke yi shi ne su ba yaro rubutun da wani ya riga ya gama, ya kwafa, ya ga wani abu ya bayyana a allo, a tafa masa, a ba shi takarda. Ranar da aka sauya masa tambaya kaɗan, sai ya tsaya cak.

Ku je kasuwar waya ta Farm Centre a nan Tarauni ku duba. Yaron da aka kai koyon gyaran waya yakan yi watanni yana kwance noti, yana share teburi, yana kallon hannun maigidansa, kafin a yarda ya taɓa injin wayar mutane. Mai koyon ɗinki ma da sa maɓalli yake farawa. Duk mun yarda da wannan. To me ya sa da aka zo kan kwamfuta muka yarda akwai gajeriyar hanya? Peter Norvig, wanda ya shugabanci sashen bincike a kamfanin Google, ya gaji da ganin littattafan da ke alkawarin koyar da wannan sana'a cikin sa'o'i ko kwanaki, sai ya rubuta maƙala a 2001 yana cewa ƙwarewa ta gaske tana cin kimanin shekara goma. Kada wannan ya karya muku gwiwa. Mutum yakan fara yin abu mai amfani tun kafin nan, amma da rarrafe yaro kan tashi.

Mene ne tushen da masu tallan suke tsallakewa? Ni ba injiniya ba ne, tauhidi na karanta. Amma abin yaron nan ya sa na zauna na fara koyo da kaina, kuma ga abin da na tarar. Kwamfuta ba ta da wayo ko kaɗan. Abin da ka faɗa mata take yi, bi da bi, ba ta ƙari ba ta ragi. Jerin matakan nan ake kira algoridim, kalmar kuwa ta samo asali ne daga sunan Alkawarizmi, masanin lissafi da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9, sama da shekara dubu kafin a ƙera kwamfuta.

Mu ɗauki littafin ma'ajin zumuntarmu. Kowane mamba yana da suna da adadin kuɗin watan da ya biya. Abu na farko shi ne ma'ajiya: wuri mai suna da kake ajiye bayani, kamar kwano da aka rubuta "jimla" a jikinsa, ka fara da sifili a ciki. Na biyu, sharaɗi: idan mamba ya biya, a ƙara kuɗinsa cikin jimla, in ba haka ba a sa sunansa cikin masu bashi. Na uku, maimaitawa: a yi wa kowane suna haka, daga na farko har na ƙarshe, ko su 20 ne ko 2,000. Na huɗu, ka ɗaure matakan nan wuri guda ka raɗa musu suna, duk wata sai ka kira sunan kawai aikin ya gudana. Na biyar kuma shi ya fi cin rai: neman kuskure. Ka manta alama ɗaya, komai ya ƙi tafiya, ka bi layi-layi har ka gano inda ka kauce. Wanda ya riƙe abubuwa biyar ɗin nan, ko wane harshen kwamfuta ya koma zai tarar da su suna jiransa.

Na san uzurin da za ku kawo. "Fasto, ba ni da kwamfuta, wuta ma ba ta zama." Duk abin da na lissafa a sama ana iya fara shi da takarda da biro. Harshen Python, wanda Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan ya fitar a 1991, kyauta ne, kuma akwai manhaja mai suna Pydroid da ke gudanar da shi a wayar Android ko babu data. "Turancina ba shi da ƙarfi." Keɓaɓɓun kalmomin Python ba su kai 40 ba. Wanda ya haddace sunayen 'yan wasan Arsenal har da na benci ba zai ce mini wannan ya gagare shi ba. "Ba ni da kuɗin makaranta." Darasin CS50 na Jami'ar Harvard, wanda David Malan ke koyarwa, yana intanet kyauta. Haka ma freeCodeCamp, da aka kafa a 2014. Gwamnatin Tarayya kuma ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 domin horar da 'yan Najeriya miliyan 3 a fannonin fasaha. Kuɗin da aka kai wa masu mako biyu da data aka saya da shi, da ya fi amfani.

Wasu kuma suna cewa tunda ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, shi zai rubuta musu komai. Zai rubuta, amma yakan yi kuskure, kuma ya miƙo maka kuskuren ba tare da wata shakka ba. In ba ka iya karanta abin da ya ba ka ba, yaya za ka san ya yi daidai? Wanda bai san lissafi ba, ko an ba shi kalkuleta ana iya cutarsa a canji.

Ina da magana da iyaye da dattawa kuma. Wasunku da kun ga yaro ya duƙufa kan kwamfuta sai ku ce ya shiga Yahoo. Ku bambance. Ramon Abbas, wanda aka sani da Hushpuppi, an kama shi a Dubai a 2020, kotun Amurka kuma ta ɗaure shi sama da shekara 11 a 2022. Damfara ya yi. Shola Akinlade da Ezra Olubi kuwa sun karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Babcock, suka yi shekaru suna rubuta manhaja, suka kafa Paystack a 2015, kamfanin Stripe ya saye shi a 2020 kan sama da dala miliyan 200. Sana'a suka yi. Ku tambayi ɗanku ya nuna muku abin da ya gina, ya bayyana muku yadda yake aiki. Mai koyo na gaskiya zai yi murna da tambayar, mai ɓoye-ɓoye ne zai rufe allo.

Abin da ke damuna shi ne, yaron da aka saba masa da jin cewa dala tana zuwa cikin mako biyu, in ba ta zo ta hanyar gaskiya ba, akwai abokan da ke jiransa da wata hanyar. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Saboda haka ga aikin da na ba ku. Kafin taronmu na Asabar, kowa ya rubuta a takarda matakan haɗa lambobi daga 1 zuwa 10, da Hausa, yadda ƙaninsa ɗan firamare zai iya bi ba tare da ya yi tambaya ba. Ku zo da takardun mu gwada su ɗaya bayan ɗaya. Yaron nan da na ba ku labarinsa ya riga ya kawo tasa. Sau uku ya gyara kafin ta yi daidai, kuma shi zai tsaya a gaban allo ya nuna muku inda ya yi kuskuren.

Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwanku. Amin.