A fitar da yaran Adar su ga fakon da ya koma daji

Yaron da ke lakwal a Keita yana iya zana giwa da zaki a allo, amma a tambaye shi wa ya shuka itatuwan da ke kan tudun bayan garinsu, sai ya yi shiru. Abin takaicin shi ne, watakila kakarsa ce.

A 1984, shekarar da fari ya kwashe dabbobi ya watsa magidanta ci-rani, aka fara babban aikin raya karkara na Keita, da kuɗin Italiya da kulawar hukumar FAO. Maza sun yi kudu neman abinci, saboda haka mata ne suka ɗauki mafi yawan nauyin: ɗaukar duwatsu a ka, jera su a gindin tuddai don tare ruwa, haƙa ramuka a fakon da ko ciyawa ba ta fitowa, ana biyansu da abinci. Miliyoyin itatuwa aka dasa. Kafin nan ma, tun 1975, ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji na Buza sun fara jera layukan bedi a kwarin Majiya don karya iskar da ke bizne hatsi da yashi. Layukan na nan tsaye.

Turawa yanzu suna ta rubutu kan yadda za a bar ƙasa ta farfaɗo, namun daji su dawo. Mutanen Adar sun yi nasu da hannu, kuma muna ganin bai kamata ɗan Madawa ko Buza ya gama firamare bai taka waɗannan wurare ba. Darasin bai buƙatar littafi daga waje. Malami ya fita da aji safiya ɗaya, ya gayyato tsohuwar da ta yi aikin da ma'aikacin gandun daji, yara su ga yadda ramin tassa da rabin wata ke riƙe ruwa, su ƙirga gawo da ƙirya da aduwa, su nemi sawun zomo da bushiya da zabon daji. Su tambayi dattawa yaushe aka daina ganin barewa a wajen.

Sai maganar dashe. Ana bikin itace ran 3 ga Agusta, lokacin da makarantu ke hutu. A yi hoto, a watse, kafin rani ya raba awaki sun gama da dashen. Ya fi amfani a koya wa yara sassabin zamani, wanda ya bazu daga Maradi tun 1983: a bar kututturen da ya tofo, a zaɓi rassa masu ƙarfi, a sassabe sauran. Da haka manoman Nijar suka mayar da itatuwa a kan kimanin hekta miliyan 5. Kowane aji na iya riƙe ƴan kututture har ƙarshen shekara.

Kada kuma a yi wa yara daɗin baki. Dila na ɗaukar ɗan akuya, jan-baki na cinye gona. Amma yaron da ya san mujiya ɓera take ci, shamuwa kuma fara, zai yi tunani kafin ya ja danƙo. Raƙuman dawa na Kure sun ragu zuwa 49 a 1996, suka haura 600 saboda ƙauyawa sun yarda su zauna da su, har aka kai 8 Gadabeji a 2018.

Matan da suka ɗauki duwatsun Keita suna tsufa. Sufetocin makarantu da hukumomin gundumomin Keita, Madawa da Buza su sa wannan fita cikin tsarin karatu tun bana, tun masu ba da labarin na da ƙarfin hawa tudu.