Gidan Kason Lome Ya Cika Ya Batse: Ga Abin Da Za Mu Yi

Ya ku jama'ar Bè da Zongo, da 'yan'uwa mazauna bakin iyakar Aflao, da na Sanvee-Condji, har zuwa Cinkassé.

Dattawa da iyaye mata, 'yan kasuwa, mahauta, direbobi da masu zemijan, ku ba mu aron kunnuwanku. Akwai maganar da ba a so a ɗaga ta a lokacin zaɓe, domin wanda ke kulle ba ya zuwa taron siyasa, ba ya tafa wa kowa. Maganar gidan kaso ce. Mu za mu ɗaga ta, don kusan kowace unguwa tana da ɗa a can.

An gina gidan kason Lome ne domin mutum 666. Shekara da shekaru ke nan yana ɗauke da ninki uku na wannan adadi, wani lokaci har ya zarce. Ɗakin da aka yi wa mutum goma, talatin ne a ciki. Ana kwana bi da bi, wasu a zaune. Abinci ba ya isa, shi ya sa kuke ganin iyaye mata da kwanon tuwo a bakin ƙofa kullum. Wanda ba shi da kowa a Lome, kamar baƙon da aka kama a kan hanya, sai dai ya dogara ga tausayin abokan ɗaki. Ƙazwa da tari da zazzaɓi suna yawo a tsakaninsu. Idan ciwo ya yi tsanani a kai mutum ɗakin fursunoni na asibitin Sylvanus Olympio, kuma ba kowa ke dawowa ba.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne, fiye da rabin waɗanda ke tsare a gidajen kason Togo ba a yanke musu hukunci ba. Jiran shari'a suke. A idon doka ba su da laifi tukuna. Wani zargin wayar hannu ne ya kai shi, wani rikicin bashi, wani jarkar fetur da ya ƙetaro da ita. Akwai wanda da an yi shari'arsa da wata shida za a ba shi, amma ya shekara biyu yana jiran a kira sunansa.

Ba mu muka ƙirƙiro wannan magana ba. A shekarar 2019 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da azabtarwa ya duba lamarin Togo, ya nemi gwamnati ta rufe gidan kason Lome baki ɗaya. Ba a rufe ba. A watan Afrilu na 2020, da cutar korona ta shigo, Faure Gnassingbé ya yi wa fursunoni 1,048 afuwa. Duk da haka a watan Mayu cutar ta shiga gidan, fursunoni suka yi bore saboda tsoron mutuwa. Ku lura da kyau: an saki mutum fiye da dubu a lokaci guda, ƙasa ba ta kife ba. Ashe da ma akwai waɗanda zamansu a can ba dole ba ne. Amma afuwa ba gyara ba ce. Wanda ya kwashe ruwa daga ɗaki bai toshe rufin da ke yoyo ba, gobe ma zai kwasa.

Kuma ba dokoki muka rasa ba. Tun 2013 aka yi dokar ba talaka lauya kyauta, amma har 2019 ba a fitar da takardun da za su sa ta aiki ba. Dokar hukunta laifuffuka ta 2015 ta yarda alƙali ya sa mai ƙaramin laifi aikin amfanin jama'a, ko a yi sulhu, maimakon ɗauri. Ku tambaya a unguwarku: wa ya taɓa ganin an yi haka? Gida ɗaya ke riƙe da mulki tun 1967. Ba za su ce lokaci ne ya yi musu kaɗan ba.

Mu mutanen bakin iyaka abin ya fi cin mu. Shari'a da Faransanci ake yin ta, da yawa daga cikinmu kuwa allo muka yi. Mutum ya sa hannu a takardar da bai san abin da ke cikinta ba. Wanda ba shi da takardar haihuwa, ko wanda danginsa ke Aflao ko Sokodé, sai a ce zai gudu, a hana shi beli. Alhali kowa ya san yadda ake ciniki a Zongo tun kaka da kakanni: baƙo ya kawo shanu ko goro, a ba da bashi mai yawa ba takarda, saboda maigida ya tsaya masa. Maganar da ta isa a ba da garken shanu a kanta, me zai hana ta isa a ba da belin yaro?

Ku leƙa maƙwabta. Gana ta fara wani shiri tun 2007, inda alƙalai ke shiga cikin gidan yari su zauna, su duba takardun masu jiran shari'a ɗaya bayan ɗaya, kuma yawansu ya ragu ƙwarai. Najeriya ta yi doka a 2019 wadda ta kafa sashen hukunci ba tare da ɗauri ba, har ta ba shugaban gidan yari ikon ƙin karɓar sababbin mutane idan gidan ya cika. Su ma suna da nasu matsaloli, amma sun ɗaga ƙafa.

Ga abin da 'yan takararmu za su tsaya a kai:

1. Alƙalai su zauna a cikin kowane gidan kaso duk wata uku. Wanda jiransa ya kai tsawon hukuncin laifin da ake zarginsa, a sallame shi ranar.

2. Ƙaramin laifi, aikin jama'a: yashe magudanan ruwa, gyaran bakin tafkin Bè, sharar kasuwa. Mutum ya kwana a gidansa, ya ciyar da iyalinsa, ya biya wanda ya cuta.

3. A karɓi tsayawar sarkin Zongo, da limamai, da shugabannin kasuwa da na tasha wajen ba da beli.

4. Lauya kyauta ga marar hali tun daga ofishin 'yan sanda ko na jandarma, da tafinta na Hausa, Ewe, Kotokoli, Kabiye da Moba.

5. A yawaita gidajen sulhu irin na Agoè-Nyivé, Baguida da Cinkassé, rikicin bashi da na haya su ƙare a can.

6. Abinci isasshe, magani, da koyon sana'a ga wanda aka ɗaure.

7. A saki duk wanda aka kulle don ya yi zanga-zangar lumana ko ya faɗi ra'ayinsa.

Za su ce muku muna son sakin ɓarayi. Ba haka ba ne. Mai kisa da ɗan fashi da mai fyaɗe wurinsu kaso, kuma idan aka rage cunkoso an fi iya tsare su. Amma yaron da ya ɗauki waya, aka haɗa shi ɗaki ɗaya da riƙaƙƙun 'yan fashi shekara biyu, me kuke zaton zai koyo? Zai fito ba sana'a, ba jari, ba mai ba shi aure, kuma unguwarku zai dawo. Kuɗin harajinku ne aka kashe aka lalata shi.

Kada wani ya ce ba ruwansa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Duk ɗan takarar da ya zo ƙofar gidanku da buhun shinkafa da atamfa, ku tambaye shi mutum nawa ke kwana a kason Lome yau, kuma me ya yi a kai. Ku adana katin zaɓenku, ku fito da sassafe ranar zaɓe, ku zo da na gida. Ku ba mu ƙuri'a, sannan ku ajiye wannan takarda, ku riƙe mu da ita.

Allah ya fid da wanda aka tsare ba da hakki ba. Allah ya ba Togo lafiya.