TAGAR DUNIYA: A Amurka Shugaba Kan Canza, Kunnen Gwamnati Ba Ya Canzawa

 

Duk lokacin da guguwar zaɓe ta taso a Amurka, sai ka ji zangunanmu sun ɗauki zafi kamar a nan za a jefa ƙuri'ar. A teburin mai shayi da tashar mota da ƙofar masallaci bayan lisha, wannan ya ce 'yan Dimokurat su ne masu tausayin baƙi, wancan ya ce 'yan Rifablikan su ne masu faɗa da cikawa. Ba mu ga laifin masu gardamar ba, domin da wuya ka sami layi a Nima ko zangon Kumasi wanda ba shi da ɗa ko 'ya a unguwar Bronx ta birnin New York, kuma abin da su ke aikowa shi ke riƙe da gidaje da dama. To amma akwai batu guda da ba a cika tada shi a wajen shan shayin ba, watau leƙen asirin da gwamnatin Amurka ke yi wa mutane ta wayar tarho da intanet. A kan wannan, mu dai a ganinmu jam'iyyun biyu ɗanjuma ne da ɗanjummai. Wanda ke waje ya yi ta kuka da abin, ranar da ya shiga fada kuma sai ya rungume shi.

Ba yau aka fara ba. Wani mutum mai suna J. Edgar Hoover ya shugabanci hukumar 'yan sandan ciki, wadda mu ka sani da FBI, tun daga 1924 har ya mutu a 1972, watau shekara 48, a ƙarƙashin shugabanni takwas na jam'iyyun biyu. Tsakanin 1956 da 1971 hukumarsa ta gudanar da wani shiri na ɓoye mai suna COINTELPRO, inda ta riƙa bin diddigin masu neman 'yancin baƙar fata da masu adawa da yaƙin Biyetnam, tana haɗa su faɗa da juna. A 1963 aka ba ta izinin satar sauraron wayar Martin Luther King, kuma wanda ya sa hannu shi ne ministan shari'a Robert Kennedy, ƙanen Shugaba John Kennedy, ɗan Dimokurat. Malcolm X da Muhammad Ali, waɗanda dattawanmu ke tunawa da zuwansu Accra a watan Mayu na 1964, su ma ba su tsira ba.

Ku lura da yadda asirin ya tonu, don ba akwatin zaɓe ne ya tona shi ba. Daren 8 ga Maris 1971, sa'ad da hankalin Amurka duka ya tafi ga damben Ali da Joe Frazier, wasu mutum takwas masu adawa da yaƙi suka fasa wani ƙaramin ofishin FBI a garin Media na jihar Pennsylvania, suka kwashe takardu suka aika wa jaridu. Bayan wannan aka yi badaƙalar Watergate a 1972, inda aka kama mutum biyar a hedkwatar jam'iyyar Dimokurat da kayan satar sauraro, abin da ya ci kujerar Shugaba Nixon a watan Agusta na 1974. Sa'an nan majalisar dattawa ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Sanata Frank Church a 1975, ya bankaɗo abubuwan kunya masu yawa. Abin dariya, takardun da aka saki a 2013 sun nuna shi kansa Church ɗin yana cikin jerin waɗanda hukumar sauraren sadarwa ta NSA ta taɓa sa wa kunne.

Maganin da aka samo shi ne dokar FISA ta 1978, wadda ta kafa wata kotu ta musamman da gwamnati za ta riƙa neman izini a gabanta kafin ta saurari mutum. Sai dai kotun a asirce ta ke zama, wanda za a saurara bai san ana shari'arsa ba. Daga 1979 zuwa 2012 gwamnati ta kai mata buƙata sama da 33,000, guda 11 kacal ta ƙi amincewa da su. Masu kare kotun na cewa akan gyara buƙatu da yawa kafin a amince, wannan kuwa ba mu musa ba. Amma alƙalin da ke jin bakin ɓangare ɗaya kullum, a ɗaki rufe, ai kowa ya san inda hukuncinsa zai karkata.

Sai ga harin 11 ga Satumba 2001, wanda ya hallaka mutum kusan 3,000. Babu mai hankalin da zai ce ƙasar da aka yi wa wannan aika-aika ta naɗe hannu. Amma cikin kwana 45 Shugaba George W. Bush ya sa hannu a dokar Patriot, wadda ta buɗe wa hukumomin tsaro ƙofofi da yawa. A majalisar dattawa mutum 98 suka amince, mutum ɗaya tak, Russ Feingold, ya ƙi. Ban da wannan doka kuma, Bush ya ba NSA umurni a ɓoye ta riƙa sauraro ba tare da ta je ko kotun asirin ba. Jaridar New York Times ta sami labarin tun kafin zaɓen 2004, gwamnati ta roƙe ta, ta riƙe shi sai Disamba 2005. Jama'a, ku duba wannan da kyau. Mutane sun jefa ƙuri'a, Bush ya zarce, alhali abin da ya kamata su auna shi da shi yana cikin aljihun tebur.

Barack Obama, wanda mu ka yi ta murna da hawansa, ya soki wannan hali na Bush ƙwarai a 2007, har ofishin kamfensa ya yi alkawarin zai tare duk wata doka da za ta yafe wa kamfanonin tarho laifin taimaka wa gwamnati. Da ya tabbata shi ne ɗan takarar jam'iyyarsa, sai ga shi a watan Yuli na 2008 ya jefa ƙuri'ar amincewa da dokar da ta yafe musu ɗin, wadda kuma ta haifar da sashe na 702 da za mu zo kansa. A 2011, yana shugaba, ya ƙara wa wasu sassan dokar Patriot wa'adi. A watan Maris na 2013 Sanata Ron Wyden ya tambayi shugaban hukumomin leƙen asiri, James Clapper, ko NSA na tattara bayanai a kan miliyoyin Amurkawa, ya amsa cewa a'a, ba da gangan ba. Wata uku bayan haka Edward Snowden ya fito da takardun da suka nuna ana tattara lissafin kiran wayar Amurkawa jumla, wa ya kira wa, yaushe, minti nawa, kuma ana karɓar bayanai daga kamfanoni irin su Google da Facebook da Microsoft da Apple. Har wayar shugabar gwamnatin Jamus, Angela Merkel, aka ce an saurara. Shugabar Birazil Dilma Rousseff ta ɗage ziyararta zuwa Washington don fushi. Clapper ya ci gaba da aikinsa, Snowden kuwa ya maƙale a Rasha.

Wata hukumar sa ido ta gwamnatin kanta ta bayyana a Janairu 2014 cewa ba ta ga inda wannan tattara lissafin waya ya taimaka wajen hana wani hari ba. A 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta ce doka ba ta ba da wannan iko ba, majalisa kuma ta rage shi a shekarar. Wannan nasara ce, kuma dole a yaba wa ƙasar da jarida ke iya buga irin wannan labari, alƙali ya iya ce wa gwamnati ta yi kuskure. Ƙasashe da yawa ba su kai nan ba.

Shi kuwa Donald Trump, babu wanda ya kai shi kuka da leƙen asiri, kuma kukan nasa ba duka ne banza ba, domin a Disamba 2019 mai binciken ma'aikatar shari'a ya gano manyan kurakurai 17 a takardun da FBI ta kai kotun asiri don sauraron wani tsohon mashawarcin kamfensa, Carter Page. Amma shi ne dai ya sa hannu a Janairu 2018 aka ƙara wa sashe na 702 shekara shida. A Afrilu 2024, yana waje, ya yi kira a kashe dokar FISA. A wannan watan aka kawo gyara a majalisar wakilai cewa sai da izinin alƙali kafin a bincika saƙonnin Ba'amurke a cikin abin da aka tara. Aka yi kunnen doki, 212 da 212, gyaran ya faɗi, Shugaba Biden ya sa hannu aka ƙara shekara biyu. Tulsi Gabbard, wadda ta daɗe tana yaƙi da sashen, da Trump ya zaɓe ta don shugabancin hukumomin leƙen asiri sai ta sauya baki a Janairu 2025. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi.

Me ke kawo haka? Ba za mu ce dukansu maƙaryata ne ba. Ɗan siyasa na tsoron ranar da za a kai hari a ce shi ya ɗaure hannun jami'an tsaro. Kuma idan ya hau, a ɗakin asiri a ke yi masa bayani, abin da ya ji ba shi da ikon faɗa wa waɗanda suka zaɓe shi. Babban dalilin kuwa shi ne tsagar ba tsakanin jam'iyyun ta ke ba, a cikin kowace jam'iyya ta ke. A Yuli 2013, da Justin Amash ɗan Rifablikan da John Conyers ɗan Dimokurat suka haɗa kai don hana tattara lissafin waya, an kayar da su 217 da 205, kuma shugabannin jam'iyyun biyu a majalisar, John Boehner da Nancy Pelosi, gefe ɗaya suka tsaya. Mai jefa ƙuri'a da ke da mutum biyu a gabansa, hankalinsa na kan tsadar kaya da haraji da shige da fice, ina zai dangwala don ya ce a daina sauraron waya?

Yanzu ga inda abin ya taɓa mu. Duk wannan rigima ta majalisa a kan haƙƙin Amurkawa a ke yinta, domin su ne tsarin mulkinsu ya kare. Sashe na 702 tun asali an yi shi ne don wanda ba Ba'amurke ba kuma yana zaune a wajen Amurka, ba a buƙatar izinin alƙali a kan kowane mutum ɗaya. Mu ke nan. Rahoton gwamnatin ya ce a 2023 kaɗai waɗanda aka sa wa ido a ƙarƙashinsa sun haura 268,000. Ba mu ce kowa ake saurare ba, kada wani ya jefar da wayarsa a kwata. Amma idan wanda aka sa wa ido ya yi magana da ɗan'uwanmu na Bronx, maganar ɗan'uwan ma ta shiga rumbu. A 2023 ta bayyana cewa FBI ta leƙa wannan rumbu ba bisa ƙa'ida ba sau 278,000 a 2020 da farkon 2021, har da sunayen masu zanga-zangar kisan George Floyd. Haka batun biza. A ƙarshen mulkin Obama aka fara tambayar wasu matafiya sunayensu na shafukan sada zumunta bisa ganin dama, a 2019 gwamnatin Trump ta wajabta wa kusan duk mai neman biza ya rubuta waɗanda ya yi amfani da su cikin shekara biyar, Biden ya zo ya bar shi haka, a Yuni 2025 kuma aka ce ɗalibai su buɗe shafukansu kowa ya gani.

Maƙwabtan Amurka ma kanwar ja ce. A Kanada, Justin Trudeau ya soki dokar tsaro ta C-51 a 2015 amma jam'iyyarsa ta jefa mata ƙuri'a, sai 2019 aka yi mata kwaskwarima. Kanada ce kuma 'yan sandanta suka miƙa wa Amurka bayanan ƙarya a kan Maher Arar, ɗan ƙasarta haifaffen Siriya, aka kama shi a New York a 2002 aka tura shi Siriya inda aka azabtar da shi kusan shekara guda. A 2007 gwamnati ta ba shi haƙuri da diyyar dalar Kanada miliyan 10.5. A Meksiko, López Obrador ya hau a 2018 yana cewa an daina leƙen asirin 'yan jarida, a 2022 masu bincike suka sake gano manhajar Pegasus a wayoyin wasunsu.

Inda mu ka ga ƙuri'a ta yi aiki da sauri shi ne a ƙasa, a matakin birni. A 2011 kamfanin dillancin labarai na AP ya tona cewa 'yan sandan New York na da wani sashe da ke tura 'yan leƙen asiri masallatai da gidajen abinci da ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi, ba don wani laifi ba. A 2012 wani babban jami'insu ya amsa a bisa rantsuwa cewa cikin fiye da shekara shida sashen bai samar da ko bincike ɗaya na ta'addanci ba. Aka zaɓi Bill de Blasio magajin gari a Nuwamba 2013, zuwa Afrilu 2014 an rushe sashen.

Saboda haka 'yan'uwanmu da suka sami takardar zama 'yan ƙasa a can, kada su tsaya ga zaɓen shugaban ƙasa kaɗai. Su fita zaɓen magajin gari da na kansila da na fid da gwani, su kuma duba yadda wakilin mazaɓarsu ya jefa ƙuri'a ranar 12 ga Afrilu 2024, domin a rubuce ya ke a shafin majalisar, suna da suna. Samarinmu masu shirin neman biza kuma su rubuta sunayen shafukansu duka a takardar, domin ɓoye guda ɗaya na iya jawo a hana mutum, har ma a rufe masa ƙofa nan gaba.