RA'AYINMU: A kai yara su ga teku

Duk shekara idan hutun Kirsimati ya gabato, akan sami iyalai ƙalilan daga cikin ikilisiyoyinmu da suke ɗaura niyyar shiga mota su nufi Kudu domin yara su ga teku. Akan kuma sami masu gunaguni a bayan idonsu. Wani ya ce almubazzaranci ne, wani ya ce kwaikwayon Turawa ne, wani kuma ya ce da ma kuɗin man an zuba shi a baikon ginin majami'a. Mun saurari kowane ɓangare. Matsayin wannan shafi shi ne, wanda Allah ya hore masa ya ɗauki matarsa da 'ya'yansa ya kai su, amma ya san inda zai kai su da abin da zai nuna musu.

Hutu ba zunubi ba ne. A Markus 6:31-32 mun ga yadda aiki ya yi wa manzanni yawa har ba su da zarafin cin abinci, sai Ubangiji da kansa ya janye su zuwa wurin da babu jama'a domin su huta, kuma cikin jirgin ruwa suka tafi. Ban da haka, mu faɗa wa juna gaskiya. Magidanta da yawa a cikinmu sun yi aikin soja ko ɗan sanda ko ciniki a Legas shekara da shekaru, sun ga teku har sun gaji da ganinsa, alhali uwargida ba ta taɓa wuce Lokoja ba. Taron majalisa na maza ne, tafiyar aiki ta maza ce, ita kuwa daga murhu sai Zumuntar Mata. Wannan bai dace ba.

Shawararmu ita ce iyali kada su tsaya a cikin birnin Legas. Su bi hanyar da ta yi yamma, ta bi gefen gaɓa, zuwa Badagry, kimanin kilomita 60 daga birnin, kusa da iyakar Seme. A garin nan ne Thomas Birch Freeman na Methodist ya sauka ranar 24 ga Satumba 1842, ya yi wa'azi a gindin wata itaciya da ake kira Agia. A watan Disamba na shekarar Henry Townsend na CMS ya iso, suka yi sujadar Kirsimati tare. Itaciyar ta faɗi a 1959, yanzu ginin tunawa ne a wurin. Ba nisa da nan akwai benen mishan da aka gama a 1845, inda ake nuna ɗakin Samuel Ajayi Crowther, yaron da aka kama bawa a 1821, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato shi a teku a 1822, ya zama bishop a 1864. Masu zagayawa da baƙi za su ce muku shi ne bene na farko a Nijeriya. Ku yi murmushi kawai. Mu da muka san hasumiyar Gobarau ta Katsina mun san nufinsu shi ne bene na farko irin ginin Turawa.

Kada wani ya ce wannan tarihin Yarbawa ne, bai shafe mu ba. Crowther yana cikin ayarin da ya hau kogin Kwara a 1841 tare da J. F. Schön, wanda ya buga littafin kalmomin Hausa a 1843. Ta gaɓar Legas kuma Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka shigo a Disamba 1893 da nufin kawo Bishara ƙasarmu. Kafin ƙarshen 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida. Yaron da ke riƙe da Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka kammala a 1932, ya kamata ya ga ƙofar da aikin ya shigo ta cikinta.

Amma ƙofar nan ba shiga kaɗai aka yi ta cikinta ba. Daga bakin ruwan Badagry ana shiga kwalekwale, a haye tafkin da ya raba garin da teku, cikin 'yan mintoci a sauka a tsibirin Gberefu. Daga nan sai tafiyar ƙafa cikin rairayi da itatuwan kwakwa har bakin teku. Wuri ne mai kyau ƙwarai, shiru, babu hayaniyar mota, babu masu talla a kanka kamar na birni. To, wannan hanya ce aka riƙa kora bayi a kanta ɗaure da mari zuwa jiragen Turawa, shi ya sa ake kiran ƙarshenta wurin da ba a dawowa. A gidajen tarihi na garin har yau akwai sarƙoƙin, yaro yana iya ɗaga su ya ji nauyinsu. Cikin waɗanda aka fitar ta gaɓar Legas da Badagry da Wida akwai mutanen ƙasarmu, har Hausawa sun shirya tawaye a Bahiya ta ƙasar Birazil a 1807.

Nan ne muke roƙon iyaye su yi hankali da bakinsu. Abu ne mai sauƙi uba ya tsaya a bakin ruwan nan ya nuna wa ɗansa wata ƙabila ko wani addini ya ce su ne masu laifi. Wanda ya samu ikon ci gaba da tafiya, ya wuce Kwatano da Lome har Cape Coast a ƙasar Gana, zai ga abin da zai rufe masa baki: a babban gidan Turawa na can, ɗakin sujada yana bisa kurkukun bayi maza ne. Ana addu'a a sama, mutane suna mutuwa a ƙasa. Sarakunan gaɓa sun sayar, fataken cikin ƙasa sun kawo, masu kiran sunan Almasihu sun saya. Kakannin waɗansunmu sun hau duwatsu saboda gudun masu kamun bayi, wannan gaskiya ne, kuma a faɗa wa yara. Amma a faɗa musu duka, har da ɗakin sujadar nan. Yaron da aka ba shi rabin tarihi zai girma da cikakkiyar ƙiyayya, mu kuwa a Arewa mun riga mun ga abin da ita take haifarwa.

Sai batun rai. Abin da yake sa keɓaɓɓen bakin teku ya yi daɗi, wato rashin mutane, shi ne kuma hatsarinsa. Idan yaro ya nutse babu mai ceto, babu asibiti kusa, sai an sake haye ruwa. 'Ya'yanmu a rafi da kududdufi suka koyi iyo, teku kuwa ba rafi ba ne. Raƙuman ruwa suna tara ruwa a gaɓa, ruwan nan kuma yakan koma ciki ta wata siririyar hanya da ƙarfin gaske. Abin ban tsoro shi ne daidai wurin yakan yi kamar ya fi ko'ina kwanciya, sai baƙo ya zaɓe shi. Wanda ruwan ya ja, idan ya yi ta kokawa domin ya dawo kai tsaye zai gaji ya nutse. Dabarar ita ce ya yi iyo a gicciye, ta gefen gaɓa, har ya fita daga bakin jan. Ga iyalin da suka zo daga Jos ko Kafanchan ko Biliri, mu dai shawararmu ita ce ruwa kada ya wuce gwiwa, babba kuma ya riƙe hannun ƙarami. A tambayi masunta kafin a taɓa ruwan. Garinsu ne, ba filin wasanmu ba, saboda haka a gaishe su, a nemi izini kafin a ɗauki hotonsu, a biya mai kwalekwale haƙƙinsa ba tare da wulaƙanci ba.

Kada kowa ya shiga kwalekwale ba tare da rigar kariya ba, ko da hayin na minti biyar ne, kuma kada a shiga wanda aka cika maƙil ko a yarda duhu ya yi a kan ruwa. Ba mu manta da jirgin da ya kife a yankin Patigi a watan Yuni 2023 ba, inda fiye da mutum 100 suka rasu suna dawowa daga biki. Cewa "Allah zai kiyaye" alhali an ajiye rigar a gefe ba bangaskiya ba ce, gwada Ubangiji ne. Haka nan a kan hanya. Daga Jos zuwa Legas kimanin kilomita 1,000 ne, kada direba ɗaya ya ce zai cinye ta a yini guda. A kwana a hanya, a daina tafiyar dare.

Masu gunaguni suna da gaskiya a wuri ɗaya, wato kuɗi. Janairu yana nan tafe da kuɗin makaranta. Wanda zai ci bashi, ko ya taɓa zakkarsa, ko ya sayar da hatsin gida domin a ce shi ma ya je, ya zauna a gida bana. Ranar Lahadi kuma tana nan ko a bakin teku, a nemi majami'a mafi kusa a yi sujada, ko da ba a jin harshen.

Da yake yawancin masu bi ba su da mota, muna kira ga dattawan ikilisiyoyi da malaman Makarantar Lahadi su duba yiwuwar haɗa iyalai biyar ko shida su yi adashi tun daga farkon shekara, su ɗauki hayar bas guda, tare da ba 'ya'yan gwauraye kujeru biyu ko uku kyauta. A rubuta wa wata ikilisiya a Legas tun da wuri domin masauki, a kuma sa mutum ɗaya ya riƙe sunayen yara, ya ƙirga su kafin a shiga kwalekwale, ya sake ƙirga su bayan an fito.